Zuwa Ga Ɗan Kawu Mai Shirin Fita Ƙasar Waje

Ɗan Kawu, ambulan ɗinka ya iso hannuna. Na ga hatimin majami'arku, na ga sa hannun fasto, na karanta cewa kana cikin waɗanda ikilisiya ta zaɓa su tafi ƙasar waje aikin sa-kai na mako biyu, don haka ana neman gudummawar 'yan'uwa da abokan arziki. Har na fara murna, na ce yau dai zuri'armu ta samu wanda zai hau jirgin sama ba da harami ba. Ina juya bayan takardar sai na ga ashe Maraɗi za ku.

Maraɗi fa, ɗan Kawu! Wanda ya shiga mota a Bichi da sanyin safiya, ya bi ta Tsanyawa da Kankiya, a Katsina zai karya kumallo, ya ƙetare iyaka a Magama ta Jibiya, kafin rana ta karkata yana cikin Maraɗi yana shan fura. Direbobin da ke lodin hatsi a Dawanau kullum suna kan hanyar nan, ban taɓa jin an tara jama'a an yi wa ɗayansu addu'ar sallama ba. Abuja ta fi Maraɗi nisa daga ƙofar gidanka. Ga kuma layin dogon nan da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, wanda zai ratsa ta Dambatta da Kazaure da Daura. Ranar da ya fara aiki, ƙasar wajen taka ta zama wurin zuwa cin kasuwa a dawo. Amma an ce har jaka mai taya ka sayo a birni, kana janta cikin yashin tsakar gida don gwaji, kaji na watsewa. Garin da za ku kuwa, Katsinawan da jihadi ya kora ne suka kafa sarautarsa, shi ya sa har gobe sarkinsu Sarkin Katsina ne. Tsohuwar da za ka durƙusa wa a can ta fi ka Hausa, ta kuma fi ka sanin tsawon gaisuwa.

Kada ka je ka ce wa Kawu addininku nake taɓawa. Kakanmu a kan al'adar iyayensa ya rasu, ɗansa ya bi 'yan mishan, 'yarsa ta yi aure a gidan malamai, aka haife ka can aka haife ni nan. Shinkafar Kirsimeti tana shigowa gidanmu, naman layya yana shiga naku, ba wanda ya taɓa jin kanmu. Kai nake taɓawa, wannan kuwa haƙƙina ne tun ran da aka yanka ragon sunanka.

Takardar ta ce aikinku shi ne ku taya wata ƙaramar ikilisiya a wani ƙauye gina azuzuwa biyu, da yamma kuma ku fita bishara. Ta bishara ban da ta cewa, bakinka bai taɓa gajiya ba. Ginin ne ya sa na zauna. Kai da katangar bayan gidanka ta faɗi tun ruwan Agustan shekaran bara, har yau zana ce a wurin da guntun kwano da ka tokare da turmi. Awakin maƙwabta sun fitar da hanya ta wurin, sun san inda matarka ke shanya kuka fiye da baƙon gidan. Da na yi maka magana ka ce kana jiran siminti ya sauko. Yanzu kai ne za ka ƙetare iyaka ka koya wa mutane gini. Ka taɓa riƙe cokalin magini? Ka san buhu ɗaya baro nawa na yashi yake ci? Su kuwa mutanen Nijar ba maginin da suka rasa. Shiga birni da rani ka duba su wa ke ɗaukar bulo, su wa ke haƙa rijiya, su wa ke tura ruwa a kura. Rabinsu daga inda za ku suka fito, sun bar gida don babu mai ba su aikin da ku kuke tara kuɗi ku je ku yi kyauta.

Yi lissafin da kanka tunda ka fi ni boko. Kuɗin mota zuwa da dawowa, takardun tafiya, katin rigakafin shawara, rigunan da aka buga wa sunan tafiyar a gaba da baya, ruwan leda, abin da za a ajiye a kowane shinge. Ka ninka da yawanku. Da an dunƙule wannan an aika wa faston can, da maginin garin ya samu aiki, leburori sun ci abinci da iyalinsu, bango ya tashi a miƙe. Ku kuwa za ku jeru, malamin makaranta da tela da mai kemis da kai, kowa ya ja layinsa. Bayan ƙurar motarku ta lafa, a kira maginin nan dai a biya shi ya rushe ya sake, a ɓoye muku don kada ranku ya ɓaci.

Sannan wa ya zaɓar muku lokacin? Tsakiyar kaka! Wake ya bushe yana fashewa a gona, gyaɗa tana jiran cira, dawa ta sunkuya, tsuntsu yana biki. A ƙasar nan tamu da gona ke manne da gona, ba saura ba daji, in ka yi jinkirin kwana uku dabbobin da aka saki sun yi maka girbin. Na san amsar: lokacin ne ma'aikatan cikinku suka samu hutu. To su albashinsu ba ya fashewa a rana. Na kuma san wanda za a ce ya duba maka gonar. Ba sai ka aiko yaro ba.

Tunda kun ce wannan sabon abu ne a ikilisiyarku, bari in tuna maka cewa gajeriyar tafiyar mishan a nan Kano aka fara ta, kuma har yau ba wanda ya karya tarihinta. A 1900 ne Bishop Tugwell ya iso birni da mutanensa, cikinsu har da Likita Miller, bayan sun sha tafiyar watanni daga Ikko. Suka shiga fada, Sarki Alu ya saurare su, ya ba su kwana uku su tattara su bar masa gari. Suka koma Girku, a can ɗayansu ya rasu. Ka ga ku da aka ba mako biyu kun ci riba. Amma duba wanda aka ci gaba da ambata cikin ayarin nan. Miller ne, wanda tun kafin ya zo sai da ya je Tarabulus ya zauna da Hausawan can ya koyi harshe, ya dawo ya tare a Zariya a 1905, ya tsufa a ƙasar nan. Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932, da guminsa a ciki. Su ma waɗanda suka kafa mishan ɗin da ta haifi ECWA su uku suka sauka a 1893, shekara na zagayowa biyu suna kabari, Bingham kaɗai ya tsira, kuma bai daddara ba ya sake dawowa.

Duk abin da mishan ta bari wanda har Musulmi ke sa wa albarka, na mazauna ne. Asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943, inda aka cire wa kakarmu yana ta dawo tana zaren allura da kanta. Asibitin kutare na Yadakunya. A can ƙasar da za ku, asibitin Galmi yana nan tun 1950, na Danja kuma tun 1956, a bakin hanyar da za ku bi kafin ku shiga Maraɗi, wanda daga baya aka ƙara masa sashen mata masu yoyon fitsari. Ban ce baƙon mako biyu ba ya amfani a irin waɗannan wurare ba. Likitan fiɗa in ya zo ya karɓi wuƙa, na gida ya samu ya yi barci, ya amfanar. Amma shi da abin hannunsa ya zo, kuma ya tarar da gida a gine. Hatta kakanninku na bishara, waɗanda ƙungiyar EMS ta riƙa turawa tun daga 1948, ba da jaka mai taya suka tafi ba. Da fartanya suka tafi, da mace da 'ya'ya, suka roƙi gona a wurin mai gari, suka ci tuwon da garin ke ci har aka daina kiran su baƙi.

Wanda nake tausaya wa a tafiyar nan matar faston can ce. Ba a rubuta sunanta a takardarku ba, amma ita za ta ɗauke ku. Tun da labarin zuwanku ya iso ta fara ƙirga zabinta. Za ta tashi kafin assalatu ta hura wuta da kara, ta aika 'yan mata rijiya mai gaba ashirin su jawo ruwan wankan ƙarti, don an ce mutanen Najeriya sau biyu suke wanka. Za ta ari tabarmi da kwanuka a maƙwabta, ta buɗe rumbun da aka yi niyyar kada a taɓa sai bazara. In kun ce abincin ya yi daɗi ta ce ba komai, in kun rage ta ji kunya, in kun cinye ta ƙara. 'Yan zumuntar mata za su bar sussukarsu su zo taya ta. Ranar tafiya ku tsaya a gaban majami'a ku yi mata godiya da tafi, ku bar mata riga mai sunan tafiya. Namu masu fita wa'azi, 'yan Tablig ɗin nan da ke yin kwana uku ko arba'in ko wata huɗu, mu ma muna yi musu tsiya in sun bar iyali ba cefane, amma ko ba komai da risho da tukunyarsu suke yawo, a masallaci suke kwana. In kana son ka burge ni, ɗauki buhun gero daga rumbunka ka sa a motar, da jarkar mai, ka miƙa wa matar nan a ranar farko ba tare da an ɗauki hoto ba.

Hoton ma magana ce. Na san ka. Za ka tara 'ya'yan mutane, ka zaɓi wanda rigarsa ta fi yagewa ka ɗora a cinya, ka watsa a Facebook ka rubuta cewa a taya ku da addu'a kuna cikin filin aiki. Yaran unguwarku da ke yawo da irin wannan rigar ba ka taɓa ɗaukar ɗayansu ba, sai dai ka kore su daga gindin mangwaronka.

Duk da haka zan saka wani abu a ambulan ɗin, kuma ga dalilina. Akwai abin da nake so ka je ka gani da idonka a gonakin Maraɗi.

A 1981 mishan ta kawo wani saurayi ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya karanta aikin gona, aka ce ya dasa itatuwa don hamada ta ci ƙasar. Ya yi ta renon dashe, yana lodawa a mota yana kai wa ƙauyuka. Rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu, gara da iska suka gama da sauran. Manoma kuwa ba su damu ba, don an koya musu cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, kuma itacen da ya girma na hukuma ne, ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara a kansa. A 1983, yana kan hanya da lodin dashe, ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa yashi. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya wuce dubunsa bai kula ba. Ya matsa ya duba ganyen, sai ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, kututturen yana raye, saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwa, kowace shekara yana tofo ana sassabe shi. Ashe dajin da yake wahalar dasawa yana nan a ƙarƙashin ƙafarsa. Abin da ya rage kawai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kan kowane kututture, a datse sauran, a bar su su tashi. Wuƙa ce kaɗai jarin.

Kada ka ɗauka da ya faɗa aka tafa masa. Kallon mahaukaci aka yi masa. Sai da yunwar 1984 ta zo aka haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare da yawa suka koma suka sare abin da suka rena. Waɗanda suka bari ne suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki a kusa, ga ganyen dabbobi, ga gero ya fi na maƙwabci. Daga nan manomi ya riƙa koya wa manomi, suka sa wa abin suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. Shi kuwa Baturen sai a 1999 ya bar ƙasar, a 2018 aka ba shi babbar lambar yabo a Suwidin tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Mutum da digirinsa na aikin gona, sai da ya shekara biyu yana wuce sabara da kalgo kafin ya gan su. Kai a mako biyu me za ka gani, ban da mai shayi?

Abin da ke ba ni haushi, wannan ilimi namu ne tun fil azal. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi shekaru tun daga wajen 1960 yana auna gonakin kewayen Kano, yana mamakin yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba. Amsar tana bayan jakunan da ke kwaso taki daga birni, da turken awaki, da itatuwan da kowane manomi ya sani ɗaya bayan ɗaya: ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, da gawo mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana. Kakanmu ko reshen ɗorawa ka karya sai ka kwana da zafin kunne. Kai kuwa gawon da ke tsakiyar gonar gado, wanda shanu ke kwana a inuwarsa da rani suna bar maka taki, ka sayar wa masu gawayi ka sayi waya. Wayar ta faɗa rijiya, kututturen yana nan, kuma na lura bara ya tofo ka sa yara sun sassabe.

Saboda haka kuɗina ba na gini ba ne, kuɗin makaranta ne. In kun isa, ka bar masu riga iri ɗaya su yi ta fama da igiya da bulo. Nemi dattijo ɗaya, Kirista ko Musulmi, ka bi shi gona da sassafe, ka riƙe masa gora, ka yi shiru. Na san wannan na ƙarshen ne zai fi ba ka wuya. Ka ga rassa nawa yake bari, ta ina yake sa wuƙa, yaya suka yi da masu satar itace da masu kiwo har abin ya zauna. In kun taru ranar Lahadin dawowa aka ce kowa ya ba da shaida, kada ka tashi ka ce ka ga talauci ka gode wa Allah da ya yi ka ɗan Najeriya. Su ma suna jin labarinmu a rediyo, suna gode wa Allah.

Sauran gargaɗi kaɗan ne. Iyakar nan ba ta da tabbas. An rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kuma tun Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, don haka ka riƙe takardunka a jikinka, ka rage surutun siyasa a gaban jandarma. Shi ba ya gane wasa, kuma ba taubashinka ba ne. A kasuwa in an ce maka dala ashirin, sefa ɗari ake nufi, don biyar-biyar suke ƙirga, jika kuma dubu ce. Kada ka miƙa takarda ka tsaya jiran canjin da babu, ka jawo mana abin faɗa. In an kai ku Tsibiri, garin Gobirawa, ka kama bakinka, Gobirawa da Yarabawa suke wasa, ba da kai ba.

Tsarabata kuwa ba ta da yawa: albasar Galmi rabin buhu, cuku mai kyau, da kilishi wanda ba a buɗe a hanya ba, don na san hannunka. Kuɗin sharar bara da na shekaran bara suna nan a rubuce, watan cika-ciki na zuwa, kuma ban karɓar sefa.

Gonar zan duba maka, ba don halinka ba, don Kawu. Zan sa a cire gyaɗar, a roro waken, a yanke dawar a ɗaure. Amma tunda ku mutanen majami'a kun ƙware wajen fitar da ɗaya bisa goma, duk dami na goma gidana zai nufa, kuma ni zan ƙirga.